Jini yana rufe mana wuri a tiyatar hanyar hawaye: wane magani za mu jiƙa a auduga?

Tambayar ta fito ne daga wata ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin tiyatar ido. Ta ce an soma aikin buɗe hanyar hawaye, wanda ake kira DCR, a asibitinsu, amma kusan duk ranar da aka yi sai jini ya cika wurin, aikin da ya kamata a gama cikin minti 45 ya kai awa biyu. Tana so ta san maganin da ya fi tsayar da jini idan an jiƙa shi a auduga an sa, da kuma ko ya dace su ƙara ƙarfin adirinalin, maganin matse jijiyoyin jini da suke amfani da shi.

Sista, sannunku da aiki. Bari in fara da ƙarshen tambayarki: kada ku ƙara ƙarfin maganin tukuna. A yawancin ɗakunan tiyatar da na ga wannan matsala, maganin da ke hannu ya isa. Abin da ke faruwa shi ne ba a sa shi inda ya kamata ba, ko ba a jira shi ya kama ba, ko kuma mara lafiyar ya hau gado da abin da babu audugar da za ta iya da shi.

Ki tuna da wurin da muke aiki. Hawaye na gangarowa zuwa 'yan ƙofofi biyu a bakin fatar ido ta wajen hanci, ya shiga jakar hawaye, sannan ya bi wani bututu a cikin ƙashi ya zuba a hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Idan bututun ya toshe, ido ya dinga zubar da ruwa, jakar ta tara kwantsa da mugunya. Aikin da Addeo Toti ya bayyana a birnin Fulorans na Italiya a 1904, wanda Dupuy-Dutemps da Bourguet suka inganta a Faransa a 1921, shi ne a fasa ƙashin da ke tsakanin jakar da hanci, a ɗinke fatar jakar da lallausar fatar cikin hanci, hawaye ya sami sabuwar hanya. Ramin da ake aiki a ciki bai wuce milimita 15 ba a faɗi, ga shi da zurfi. Jinin da zai cika cokalin shayi ya isa ya makantar da likita gaba ɗaya. Saboda haka abin tsoro a wannan aiki ba yawan jinin da za a rasa ba ne, da wuya ya kai ga haka. Abin tsoron shi ne a yi yanka a duhu, a yaga fatar da za a ɗinke, a bar gudan jini da rauni a bakin sabuwar hanya, bayan wata uku tabo ya rufe ta, mara lafiya ya dawo da hawayensa.

Jinin kuma ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai jijiyar jini mai kauri da ke gangarowa a gefen karan hanci, kamar milimita 8 daga lungun ido. Idan wuƙa ta taɓa ta, ko da kwalba goma ta adirinalin aka juye ba za ta tsaya ba. Sai an danne, an kama, an ƙona ko an ɗaure. Akwai jinin da ke tsatsa daga cikin ƙashi, musamman daga wani ɗan tsagi da ke gaban ramin jakar hawaye, inda wata 'yar jijiya take ratsawa. Shi ma magani ba ya matse shi sosai, domin jijiyar tana cikin ƙashi. Maganinsa kakin ƙashi ne, ɗan mitsitsi, a goge abin da ya yi saura. Wanda magungunan jiƙawa suke yi wa aiki da gaske shi ne na uku: tsatsar da ke fitowa daga lallausar fatar cikin hanci, wadda take cike da ƙananan jijiyoyi kamar soso. Don haka idan likita ya ce miki jini ya yi yawa, ki duba ki gani, tsartuwa yake yi ko tsatsa. Amsar ita za ta gaya miki abin da za ki miƙa masa.

To yanzu magungunan.

Wanda na fi so a fara da shi shi ne mafi sauƙin samu: zailometazolin mai ƙarfin 0.1%, wato Otrivin na manya da ake sayarwa a kemis don toshewar hanci, ko ɗan'uwansa oksimetazolin 0.05%. Yana matse jijiyoyin fatar hanci cikin minti 5 zuwa 10, kuma aikinsa yana kai awanni, ya fi na adirinalin daɗewa nesa ba kusa ba. A fesa tun mara lafiya yana ɗakin jira, kamar rabin awa kafin a shiga da shi, sannan a sake sa shi a jikin tsirin bandeji haɗe da lidoken, maganin kashe zafi, idan ya hau gado. A wajen yara a yi hattara: kwalbar feshin an yi ta ne don a riƙe ta a tsaye, idan aka kifa ta aka matsa a hancin yaron da ke kwance, abin da zai fito ya ninka feshi ɗaya sau da yawa. A auna a sirinji a zuba a kan auduga, a san adadin da aka ba shi.

Sai adirinalin, wanda shi kika tambaya. Ina so ki riƙe lissafinsa da ka, domin rayuwa na rataye a kansa. 'Yar kwalbar allurar da ke cikin tiren gaggawa 1:1000 ce, wato miligiram 1 a kowace mililita. Wanda ke gauraye cikin lidoken na allura 1:100,000 ne ko 1:200,000, wato maikirogiram 10 ko 5 a kowace mililita. Kin ga na farkon ya ninka na biyun sau 100 ko sau 200. Likitocin hanci da yawa suna jiƙa auduga da 1:1000 su sa a hanci, kuma a babban mutum mai lafiyayyar zuciya abin ya tabbata yana da aminci, saboda maganin yana matse jijiyoyin da zai bi ya shiga jiki, ya tare wa kansa hanya. Wasu suna sirka shi ya koma 1:2000 ko 1:10,000, musamman ga tsofaffi. Ni dai ba na wuce kwalba biyu a aiki guda, kuma sai an matse audugar har ta daina ɗiga. Abin da ya gangara maƙogwaro bai tsayar da jinin komai ba, shiga jiki kawai zai yi.

Haɗarin da ya fi kowanne girma shi ne a ɗebi mai ƙarfin a sirinji a yi allura da shi bisa kuskure, domin ruwan biyu duk fari ne tas. A 1995 a jihar Fulorida ta Amurka wani yaro ɗan shekara 7 ya rasu a aikin kunne ta wannan hanyar: an zuba magungunan biyu a 'yan kofuna a kan tire, aka ɗebi na jiƙa auduga aka yi masa allura da shi. Wannan aikinki ne kai tsaye, Sista, fiye da na likita. Adirinalin na jiƙawa kada ya taɓa shiga sirinji mai allura. A zuba shi kai tsaye a kan audugar a cikin kofi mai rubutu, a tsoma masa takardar fuloresin, rinin nan ruwan ɗorawa da muke duba gyambon baƙin ido da shi, don kowa ya gan shi da launi dabam. Lidoken na allura kuwa a ɗebe shi daga kwalbarsa, ki karanta sunan da ƙarfi likita ya ji.

Akwai kuma maganar maganin barci. Har yanzu akwai asibitocinmu da ke amfani da halotan, kuma halotan da adirinalin ba sa ga maciji. Yana sa zuciya ta birkice da adadin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda za ta jure a ƙarƙashin wani maganin barcin, aisofuluren, ba. Tsohuwar ƙa'idar da aka koya mana ita ce, a ƙarƙashin halotan kada allurar 1:100,000 ta wuce mililita 10 cikin minti 10, ko mililita 30 cikin awa guda. Idan halotan ne a injin, ni ba na sa 1:1000 a hanci ko kaɗan, zailometazolin nake tsayawa a kai. Ketamin kuma yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, wurin aiki sai ya jiƙe. Kada a taɓa sa auduga a hanci ba tare da an gaya wa mai ba da maganin barci abin da ke jikinta da yawansa ba.

Fenilefrin yana nan a kowane ɗakin ido saboda da shi muke buɗe ƙwayar ido, shi ma yana matse jijiya, kuma wannan kusancin ne ke sa wasu su ɗauki ɗigon 10% su jiƙa auduga. Kada a yi. Ɗigo ɗaya tak na 10% yana ɗauke da miligiram 3 zuwa 5. Bayan rasuwar wani yaro ɗan shekara 4 a aikin hanci da maƙogwaro, hukumar lafiya ta jihar New York ta fitar da ƙa'ida, aka buga ta a 2000: farkon abin da za a sa wa babba kada ya wuce miligiram 0.5, yaron da bai wuce kilo 25 ba kuma kada ya wuce maikirogiram 20 a kowane kilo. Darasi na biyu daga wannan bincike ya shafi duk magungunan matse jijiya. Idan jini ya hau bayan an sa su, kada a yi gaggawar ba da magungunan rage ƙarfin bugun zuciya irin su labetalol ko furofaranolol ko makamantansu. Jijiyoyi sun matse, zuciya tana turawa da ƙyar, idan aka rage mata ƙarfi sai huhu ya cika da ruwa. A zare audugar, a wanke hancin da ruwan gishiri, a jira 'yan mintoci, galibi yana sauka da kansa. Idan ya ƙi, a ba da mai buɗe jijiya irin su haidiralazin.

Za ki ga koken a cikin littattafai, wato sinadarin hodar iblis a ruwa mai ƙarfin 4%, ko haɗin da Moffett ya bayyana a Ingila a 1941, na koken da adirinalin da bekin soda. Shi kaɗai ne yake kashe zafi kuma ya matse jijiya a lokaci guda, kuma da shi Carl Koller ya fara kashe zafin ido a Biyana a 1884. Amma yana iya ƙulle jijiyoyin zuciya ko da a matashi ne, yana ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi, kuma lidoken da zailometazolin suna yin aikin da yake yi. Ban ga dalilin da zai sa ku neme shi ba.

Tiranekzamik asid hanyarsa dabam ce. Ba ya matse jijiya, hana gudan jinin da ya riga ya ƙullu narkewa yake yi. Utako Okamoto da mijinta Shosuke ne suka samar da shi a Japan a 1962, kuma ungozomominmu sun san shi tun bayan babban gwajin da aka buga a 2017 kan zubar jini bayan haihuwa, wanda asibitocin Najeriya suka ba da dubban mata a cikinsa. Kwalbarsa ta allura miligiram 500 ce a mililita 5, ana jiƙa auduga da ita a danna a wurin da ke tsatsa na minti 5. A aikin kogon hanci an ga yana sa wuri ya fi ganuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, gwajin da aka yi a Birtaniya kan masu haɓo, wanda ya fito a 2021, bai nuna ya fi ruwa zalla ba wajen rage buƙatar cushe hanci. Yadda nake ɗaukarsa ke nan: mataimaki ne, ba ya maye gurbin mai matse jijiya. Inda yake da daraja a wurina shi ne tsoho mai ciwon zuciya wanda ba na son in sa masa adirinalin, ko wanda likitan zuciyarsa ya ce ba za a tsayar masa da asfirin ba. Ki ajiye kwalbarsa nesa da na allurar kashin baya, domin an sha rikita su kuma an rasa rayuka.

Sannan akwai abubuwan da ake ɗorawa a bari su narke. Surgicel daga tsiro ake yin sa, yana ba jini abin da zai kama ya daskare. Yana kumbura idan ya sha jini, don haka kada a cushe shi ta wajen ramin ido, kuma kada a bar dunƙule a bakin sabuwar hanya. Gelfoam soso ne na jelatin, kuma daga fatar alade ake yin sa. Ina ganin haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa tun kafin aiki idan ana tunanin amfani da shi, musamman da yake akwai madadinsa. Haɗe-haɗen turombin, sinadarin daskarar da jini, masu tsada suna aiki, amma ba kowa ke iya saya ba, kuma aikin DCR da aka shirya da kyau da wuya ya buƙace su. Wasu suna zuba haidurojin farokzaid a ramin. Ba na so: yana ƙona baƙin ido idan ya malala, kuma kumfarsa na iya shiga jijiya. Mitomaisin kuma, tunda na san za ki gan shi a tire wata rana, ba na tsayar da jini ba ne, na rage tabo ne.

Yanzu in zo ga abin da nake zargi shi ne ainihin matsalarku, wato inda ake sa audugar da lokacin da ake ba ta. Sau da yawa na zare bandejin da wani ya sa na tarar yana kwance a ƙasan hanci, yana fuskantar maƙogwaro. Wurin da za a fasa yana sama, a bangon hanci ta wajen ido, gaban tsokar nan ta tsakiya mai lanƙwasa, daidai da lungun ido. A riƙe tsirin bandejin da dogon hantsaki, a nufi lungun idon da shi, a jera shi ninki-ninki a hankali ba tare da an goge fatar ba, domin fatar da aka kurje tana zubar da jini kuma tana shan magani fiye da kima. Bayan an sa, a yi allurar lidoken 2% mai adirinalin a layin da za a yanka da kuma kan ƙashin, a ja sirinjin baya kafin a tura saboda waccan jijiyar ta gefen karan hanci. Iyakar lidoken mai adirinalin miligiram 7 ne a kowane kilo, wato mililita 21 ga mai kilo 60, kuma a lissafa har da wanda ke jikin bandeji. Aikin ba ya cin ko rabin wannan.

Sannan a jira. Minti 10 cif a agogon bango, kafin wuƙa ta taɓa fata. Shi ya sa nake sa bandeji in yi allura tun kafin in je wanke hannu, lokacin wanke hannu da goge fuska da shimfiɗa ƙyalle shi ne lokacin maganin. Likitan da ya yi allura ya ɗauki wuƙa nan take ya tsinki 'ya'ya tun ba su nuna ba. Idan an zo fasa ƙashi, a ja bandejin baya kaɗan don fatar hanci ta saki daga ƙashin kada abin gutsurar ya kama ta. Idan ta bayyana, a ɗora mata 'yar auduga mai adirinalin ta waje na minti biyu ko uku kafin a yanka ta. Idan tsatsa ta taso a tsakiyar aiki, a danna auduga a ƙirga minti uku ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Kowane leƙe yana ɓalle gudan da ya fara ƙulluwa. Kuma kowace auduga da ta shiga a ƙirga ta, ta fito a ƙirga ta, har da wadda aka cusa a maƙogwaro idan barci aka sa.

Wani abu ya taɓa faruwa da ni da ba na mantawa. Wata dattijuwa, ana mata aiki tana farke da allurar kashe zafi, na yi duk abin da na lissafa miki amma wurin ya ƙi bushewa. Na sa auduga ta biyu, ta uku. Sai ma'aikaciyar da ke tare da ni ta ce a sake gwada jininta, muka ga ya haura 190 a sama. Ashe an ce mata kada ta ci kada ta sha komai tun dare, ita kuma baiwar Allah ta haɗa har da ƙwayar hawan jininta ta safe. Laifinmu ne, ba mu yi mata bayani ba. Da na ci gaba da ƙara adirinalin da na ƙara mata wuta ne. Tun daga ranar nake rubuta wa kowa a takarda cewa ya sha maganin hawan jininsa da kurɓin ruwa da asuba, sai wanda likitan barci ya ce a tsallake.

Irin wannan shiri shi ne rabin aikin. A ɗaga kan gado kamar digiri 15 zuwa 20 don jini ya sauka daga fuska. A bar mara lafiya ya yi fitsari kafin ya hau, domin cikar mara da tsoro da zafi duk suna ɗaga jini. Idan zai iya jurewa, aikin da allurar kashe zafi ya fi na barci bushewa. Idan jakar ta kumbura ta yi ja tana zafi, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta lafa kafin a yanka ta waje. Kuma a yi tambayar magunguna da harshen da mutane suka sani. Idan kika ce "Baba, kana shan asfirin?" zai ce a'a. Ki tambaye shi abin da yake sha idan kansa ko jikinsa yana ciwo. Garin Alabukun asfirin ne da sinadarin kafeyin, Felvin firokzikam ne, ga diklofenak da ibufurofen da ake haɗa wa mutane a kemis a ƙulle a leda. Asfirin yana kashe aikin ƙwayoyin toshe rauni har tsawon rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10. Wanda yake sha don ciwon kai ya daina mako guda kafin aiki ya koma farasitamol. Wanda likita ya ɗora shi a kai saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai shan magungunan tsinka jini irin su warfarin ko kulofidogirel, ba mu ne za mu tsayar masa ba sai da izinin wanda ya rubuta. A tambayi masu yawan haɗiyar tafarnuwa a matsayin magani su ma. Mai sikila, mai juna biyu, mai maƙoƙon da ke sa bugun zuciya, da wanda jininsa bai daidaita ba, duk a rage musu masu matse jijiya ko a sake shawara da likitan barci.

Adirinalin yana sakin jijiya bayan awa ɗaya zuwa biyu, don haka wurin da ya bushe a kan gado yana iya tsatsa a ɗakin farfaɗowa. Kafin a rufe, a wanke ramin a duba shi a daidai hawan jinin da mutumin ya saba da shi. A gida kuma haɓo kan zo wa wasu kaɗan tsakanin kwana 4 zuwa 10, lokacin da ɓawon raunin yake ɓallewa, kuma a hunturu da hanci ke bushewa sai an ƙara kula. Ku sallame shi da bayani a bakinsa da na wanda ya rako shi: kada ya face hanci har mako biyu, ya yi atishawa baki buɗe, ya guji shayi mai zafi da tururi a kwana biyun farko, ya kwana da matashi biyu, kada ya ɗauki kaya mai nauyi. Mai salla ya yi ta a zaune da nuni a kwanakin farko, kuma a alwala kada ya shaƙa ruwa da ƙarfi. Idan jini ya ɓalle, ya zauna ya sunkuya gaba kaɗan, ya fesa Otrivin, ya matse tattausan hancinsa minti 15 ba sakewa, a ɗora masa ƙanƙara a karan hanci. Idan bai tsaya ba, ko yana jin jini na bin maƙogwaronsa, ko idon ya kumbura ya turo gani ya ragu, a kawo shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.